Yadda Aka Tsallake Gidan Marlys Ranar Hura Bututu

Wata Asabar cikin Oktoba mazan layinmu suka ja injin iska gida-gida suna korar ruwa daga bututun ban-ruwan ciyawa kafin sanyi ya sauka, suka tsallake gidan Marlys Odegard. Ba mantuwa suka yi ba. Tana tsaye a bakin ƙofarta da farantin kek a hannu suka wuce ta. Ruwan da ya rage a bututunta ya daskare ya farfasa su, ga shi yau har hunturu ya wuce, ƙasa ta saki, babu wanda ya zo gyara.

In ka tambaye su, cewa za su yi ita ce ta ce a'a. Ta ce ɗin. Amma wane ne aka haifa a Dakota ta Arewa, nan Amurka, bai san a'ar farko gaisuwa ce kawai ba? A yi maka tayi, ka ƙi. A sake, ka ce kada a wahala. Sai a na uku ka sunkuyar da kai ka ce, “To, tunda kun matsa.” Haka muke, kuma wai har alfahari muke yi da shi. Mu ne mutanen da in yankan kek ɗaya ya rage a faranti babu mai ɗauka. Wannan ya raba shi biyu ya ci rabi, wancan ya raba rabin, har a tashi daga taro a bar wani ɗan ɓurɓushi da ko tururuwa ba za ta yi godiya ba.

Marlys kuwa a tsakiyar wannan hali aka haife ta, a wata gona arewa da Minot. Ta sha ba da labarin ranar da tarakta ta danne wa mahaifinta ƙafa a bakin hanya. Maƙwabci ya tsaya da mota ya ce, “Nils, in kama maka?” Tsohon yana kwance, fuska ta yi fari fat, ya ce, “A'a, duba ƙarƙashinta nake yi.” Allah ya sa maƙwabcin ɗan gidan tarbiyya ne, ya yi ta tambaya har ta kai. Da dariya take ba da labarin, ta ƙare da cewa, “Mu gidanmu wauta gado ce, ba a makaranta muka koya ba.”

Ta baro gona tana budurwa ta kama aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare a Bismarck, ba ta bari ba sai da gwiwoyinta suka ƙi. Yaran gari kan miƙo faranti su ce a ƙara. 'Ya'yan manoma kuwa, masu zuwa da motar safe ba su karya ba, su ne za su ce sun ƙoshi alhali cikinsu na ƙugi. Marlys ta san su tun daga tafiyarsu. Takan tsaya musu a ka da ludayi ta yi ta naci har su karɓa. Ba a taɓa jin yaron da ya fita kicin ɗinta da yunwa don ta gaji da tambaya ba.

Ta auri Orrin, ma'aikacin jirgin ƙasa, mutum mai shiru wanda ya gwammace ya ɓata ya wuni yana zagaye da ya tsayar da wani ya tambayi hanya. Shi ya binne bututun ban-ruwan da hannunsa. Bai nemi shawarar kowa ba, bai kuma gaya wa kowa inda ya bi da su ba, har ita. Da ya rasu shekara biyu da suka wuce ya bar mata gida, da ciyawa, da makullan ruwa uku a ɗakin ƙarƙashin ƙasa masu kama ɗaya kamar 'yan uku.

Ciyawar nan dai, a faɗi gaskiya, abin dariya ce. Ƙasarmu busasshiya ce, iska ke mulki a cikinta, amma muka je muka samo wata ciyawa mai shegen ƙishirwa muka shimfiɗa a ƙofar gida. Ba mu da akuya, ba mu da saniya. Mu shayar da ita, ta yi tsawo mu yanke, mu ɗura a buhu a kwashe a zubar, mu sake shayarwa. Marlys kan ce ita 'yar manomin alkama ce da ta ƙare tana noman abin da ba a ci, ba a sayarwa. Amma ita ba don ado take yi ba. A layinmu ciyawa ce ke faɗin lafiyar mai gida. Ranar da ta ƙofar tsohuwa ta fara bushewa, ranar ake fara cewa, “Baiwar Allah, gidan ya fi ƙarfinta.” 'Yarta Renae da ke Fargo tun rasuwar Orrin take mata maganar ta sayar ta koma gidan tsofaffi, inda ake ba mutum ɗaki ɗaya da taga ɗaya. Duk zuwan da Renae ta yi, kafin ta gaida uwar sai ta dubi ciyawa. Muddin tana kore shar, magana ta mutu. Da ciyawar nan Marlys ke riƙe da gidanta.

Hura bututu aikin gayya ne a layinmu. A haɗu a yi hayar babban inji, a ɗaura shi bayan a-kori-kura, a bi gidaje. A rufe ruwa, a jona tiyo, a saki iska, kawunan feshi su miƙe daga cikin ciyawa suna tofar da ruwa, har ya koma hazo, har ya koma iska zalla. Mai motar da ke jan inji shi ke magana da masu gida. Shekara da shekaru motar Duane Kessler ce, shi kuwa ya san yadda ake tambayar Marlys, har yakan fara jona tiyo tun tana kan a'a ta biyu. Wannan karon motarsa ta mutu, sai aka yi amfani da ta Trent Bascom, wani matashin magidanci da aikin haƙar mai ya kawo daga Texas. Mutumin kirki ne, mai fara'a, irin wanda in ka ce masa ka ƙoshi sai ya ɗauke kwanon.

Ran nan tun da sassafe Marlys ta gasa kek, ta dafa gahawa, ta share ganye daga kan murfin akwatin bututu don kada su sha wahalar nema. Trent ya sauko daga mota ya cire hula.

“Madam, barka da safiya. Mu hura miki naki?”

“Haba, kada ku wahalar da kanku da ni,” in ji Marlys. “Zan san yadda zan yi.”

“Kai, madalla! Irinku ake so, Madam.” Ya juya ya ɗaga murya. “Duane, naɗe tiyo, gidan gaba! Madam ta ce ta iya da nata.”

Duane ya riga ya jawo tiyon har tsakiyar ciyawarta. Ya tsaya ya dubi takalminsa. Arlen Moe, abokinsa tun na yarinta, ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. Su biyun sun san abin da ya faru sarai. Amma yaya za a gyara wa baƙo magana a gaban mutane, baƙon ma da ya ba da aron motarsa? Ai rashin ladabi ne. Duane ya fara naɗe tiyo a hankali, a hankali, ko wani zai ce wani abu. Babu wanda ya ce.

Marlys ta ga abin yana kuɓuce mata, ta rasa ta yi, sai ta miƙa faranti. Trent ya kwashi yanka biyu tun tayin farko ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Ta miƙa wa Duane.

“A'a, na karya.”

“Ɗauki mana.”

“Matata Lois za ta kashe ni. Likita ya hana ni zaƙi.”

“Ɗan ƙarami ne, Duane.”

“To, tunda kin matsa.”

Kun ji fa. A kan ciyawar, a tsaye, aka cika masa nasa tayin, ya ci, ya lashe yatsa, ya bi mota.

Ba a jima ba rediyo ya ce sanyi mai tsanani na gangarowa daga Kanada. Injin an riga an mayar wa masu shi. Akwai kamfanonin da ke wannan aiki, amma motarsu da ƙaton rubutu take zuwa. In ta tsaya a ƙofar Marlys, layi duka zai karanta cewa maƙwabta sun yar da matar marigayi, Duane kuma zai ji kunya. Ita da aka cuta, ita ce ke tsoron kada wanda ya cuce ta ya ji kunya. Ta ɗauki waya, ta ajiye.

Renae ta kira. “Mama, an hura miki bututu?”

“Ai ranar Asabar aka yi ta hurawa a layi. Ƙara kamar jirgi zai sauka.”

“To, har na ji daɗi.”

Ba ta yi ƙarya ba, haka ta gaya wa kanta, tana goge teburin da ta riga ta goge.

Sai ta koma ga makaminmu na gado, wato kewaye-kewaye. Ta gasa dankali da niƙaƙƙen nama ta kai gidan Trent da zafinsa.

“An ce sanyi na tafe,” ta ce a bakin ƙofa.

“Haka na ji, Madam! Gara da muka gama da wuri. Wannan duk namu ne?”

Ta tsallaka gidan Duane. Shi ya hango ta ta taga, nan take ya tuna yana da aiki a gareji. Matarsa Lois ta zuba gahawa suka zauna, kowacce ta san abin da ke ran 'yar'uwarta.

“Duane ya ce ke kam ba ki da wasa, da kanki za ki yi.”

“Ai ɗan aiki ne.”

“Haka na ce masa. Na ce Marlys ce fa.”

“Labulen nan sabo ne?”

Labule suka tattauna har gahawa ta huce.

Washegari ta ɗaura ɗamara. Ta sauka ɗakin ƙasa tana dafa bango, ta tsaya gaban makullan nan uku. “To, Orrin, wanne ne?” Orrin, kamar yadda ya saba, bai ce komai ba. Ta murɗe na tsakiya, don shi ya fi kama da mai muhimmanci. Ta jawo ɗan injin da yake ba tayar mota iska, ta naɗe bakinsa da salatif ta cusa a bututu, ta kunna. Ya yi ta kuka yana rawa a kan siminti. Can sai kan feshi guda ɗaya ya leƙo daga ciyawa, ya tofar da ruwan da bai cika cokali ba, ya koma.

“Ko tari na yi na fi ka,” in ji Marlys, ta kashe shi.

Tunda ruwa ya ƙi fita, sai ta ce bari ta sa masa kayan sanyi. Ta kwaso safunan Orrin na ulu ta bi kawunan feshi tana zura musu. Babban makullin tagulla da ke jikin bangon waje ta naɗe shi da bargo, ta ɗora tsohon kwat ɗin Orrin, ta kifa hula a sama don kada iska ta shiga. Ta ja baya ta duba. Sak wani tsoho ya tsuguna a gindin bango yana jiran mota.

Tana durƙushe da safa a hannu motar Trent ta tsaya, da jakar tafiya a baya, zai koma rijiyoyin mai.

“Madam, baƙo kika yi? Ki ce masa ya shiga ciki mana!” Ya ƙyalƙyale da dariya. “Lafiya dai? Akwai abin da zan kama miki kafin in wuce?”

Maganar ta taso mata tun daga ciki. Ta ji ta a maƙogwaro, cikakkiya: ɗana, bututuna cike suke da ruwa. Ta buɗe baki.

“A'a, safa nake shanyawa.”

“A kan ciyawa? Kai, mutanen arewa!” Ya ɗaga mata hannu ya tafi.

Ta daɗe a durƙushe. “Marlys 'yar Nils,” ta ce da ƙarfi, “ke ma ga ki ƙarƙashin tarakta.”

Sanyi ya sauka kamar yadda aka faɗa. Da safe ciyawa ta yi fari, safuna sun sandare suna tsaye. Ba ta ga alamar ɓarna ba, hankalinta ya ɗan kwanta, ta tafi coci wurin ɗinkin barguna na mata. Rana ta ɗaga, ƙanƙarar da ta toshe tagullar ta narke, tsagar da ta yi ta buɗe baki. Ashe makullin da ta murɗe na injin wanki ne. Da ta dawo, ruwa na tashi sama ya fi tsayin taga, kwat ɗin Orrin na rataye a shingen maƙwabta, hula ta bi kwata, mazan layi kuma sun yi da'ira hannu a aljihu suna kallo. Ba wanda ya shiga ya rufe, don ba a shiga gidan mutum ba izini, ko da yake kowa ya san Marlys ba ta taɓa kulle ƙofarta ba.

“Marlys, kamar kina da ɗan yoyo,” in ji Arlen.

Duane ne ya bi ta ɗakin ƙasa, ya gwada sauran biyun har ya dace. Ta zaunar da shi da Arlen a kicin ta ɗora gahawa, don ba a barin baƙo haka ko da gida na nutsewa. Kowa ya san abin da ya rage. Tagullar da iska ke bi ta shiga ta fashe, an ce dusar ƙanƙara na biye, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa nan zai yi hunturu ya gama da sauran bututun.

“Ai da kin yi magana,” in ji Duane.

“Da ka yi dai,” in ji Arlen. “Kai ke riƙe da tiyo.”

“Kai fa? Sama kake kallo kamar mai jiran agwagi su wuce.”

“Ni wuyana ke ciwo.”

“Laifina ne,” in ji Marlys. “Bakina ne ba ya jin maganata.”

Duane ya jujjuya kofinsa. Ya gyara murya ya yi tayin da ladabi ya ce a yi, irin wanda ake yi an san za a ƙi.

“In ƙasa ta saki, ni da Arlen sai mu zo mu tona mu canza miki.”

A'a ta riga ta hau harshenta. Ta dubi safunan da ke ɗiga a kwandon wanki, ta tuna ɗaki ɗaya da taga ɗaya. Ta danne harshen da haƙori.

“To,” ta ce. “Ku zo.”

Kofin Duane ya tsaya tsakanin tebur da baki. Arlen ya ƙware.

“Wato... mu zo?”

“Ku zo.”

Ba su ƙarasa gahawar ba.

Kafin Lahadi labari ya gama coci. Ba labarin ruwa ba, wannan an yafe mata. Labarin cewa Marlys Odegard ta karɓi tayi tun na farko. Lois ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma haka wata gwaggonta ta fara kafin kanta ya fara juyewa. Wasu suka ce zama kusa da mutumin Texas ne. Shi kuwa Trent kamfani ya mayar da shi gida kafin Kirsimeti, ya tafi yana gaya wa mutane cewa ya bar wata tsohuwa a Dakota da ba ta buƙatar kowa. Babu ɗayanmu da ya fahimtar da shi. Mun dai ba shi kek na hanya.

Marlys ta yi hunturu cikin kunya. Ta daina zama a bencin gaba. Sau da yawa takan ɗauki waya za ta ce wa Duane ya bar shi kawai, sai ta ajiye. Takan ce duk rayuwarta kalma ɗaya ta gaskiya ta faɗa a kan lokaci, ita ce kuma ta zubar mata da mutunci.

Yanzu ga Mayu ta shigo. Kowa ya buɗe ruwansa, da safe layi sai shu-shu-shu na feshi, ban da gida ɗaya. Marlys da tiyo take bi, tana jan sa da gwiwoyin da suka kore ta daga aiki, ta shayar da nan can ya bushe. Gefen titi ya fara ja. Jiya Renae ta sake kira.

“Mama, ƙarshen wata za mu zo ni da maigidan, mu ɗan duba gidan.”

“Gidan lafiya lau yake. Me za a duba?”

“Ciyawa ta fito?”

“Tana ƙoƙari,” in ji Marlys. “Ni da ita.”

Duane kuwa in aka yi masa magana sai ya ce jira yake ta sa rana. Ita ba za ta sa rana ba, don sa rana roƙo ne, shi ma ya san haka. Kullum yana wucewa ta ƙofarta a sabuwar motarsa, ya ɗaga mata yatsu biyu daga kan sitiyari, ita kuma ta ɗaga masa tiyo.

To, Duane Kessler, da kai Arlen Moe, tunda rana ake jira, ga ta: Asabar mai zuwa. Ku zo da shebur, da sabon bututu, da tagulla, ku fara daga gindin bango ku bi inda Orrin ya bi har ku gano ƙarshensa. Kada ku ƙwanƙwasa ƙofa ku tambaya. In ta fito ta ce ku bari, ku ci gaba da tono. Ku tabbata ruwa na tashi a ciyawar nan kafin motar Renae ta shigo layi.